Wake Ya Rage Wa Ɓera Kumburi, To Mutum Fa?

Da wuya shekara ta wuce ba a fitar da sabon rahoto daga wata jami'a ba, ko a Najeriya ko Indiya ko Masar, cewa abin da aka tatso daga ƙwayar wake, ko gurjiya, ko waken soya, ko kalwa ya rage kumburi a jikin ɓeraye, kuma yana ɗauke da sinadaran da ake kira antioksidan, waɗanda ake cewa suna kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa. Kafin ka ce kwabo labarin ya shiga WhatsApp ya rikiɗa, ya koma "masana sun gano wake yana maganin amosanin gaɓɓai". Daga nan sai ka ji shi a bakin mai lasifika a tasha, yana ɗaga kwalbar gari. Ni a ganina binciken kansa ba ƙarya ba ne, kuma bai kamata a raina shi ba. Nauyin da ake ɗora masa ne ya fi ƙarfinsa, kuma wani ɓangare na laifin yana wuyan masu binciken.

Bari mu ga yadda ake yin gwajin, domin a nan maganar take. Ana niƙa busasshen wake ɗanye, a jiƙa garin cikin metanol ko etanol, a tace, a busar da ruwan har ya rage ɗan abu mai danƙo. Shi ake auna wa ɓera, sau da yawa miligram 200 ko 400 ga kowane kilo na nauyinsa, ta baki ko ta allura a cikin ciki. Sai a yi masa allurar karaginan, wani sinadari da ake samu daga ciyawar teku, a tafin ƙafar baya. Ƙafar ta kumbura, a riƙa auna ta awa bayan awa, a kwatanta da ta ɓerayen da aka ba ruwan gishiri da ta waɗanda aka ba maganin kumburi irin su diklofenak ko indometasin. Hanya ce tsohuwa mai daraja, tun 1962 wani masani mai suna Winter da abokan aikinsa suka bayyana ta, kuma da ita aka tantance magunguna da dama da muke sha yau. Sai dai kowane rukuni yakan ƙunshi ɓera biyar ko shida ne kawai, kumburin kuma na sa'o'i ne. Ciwon gwiwar tsohuwar da ta shekara goma tana sallah a zaune wani abu ne daban, sanadinsa daban, tafiyarsa a jiki daban.

Sannan babu mai cin wake ɗanye, balle ya jiƙa shi a metanol, wanda guba ne da ke makantarwa. Mu dafawa muke yi, a jefa kanwa don ya yi laushi, a soya shi ƙosai, a turara shi alala. Zafi da jiƙo suna canza waɗannan sinadarai, wasu su bi ruwan da aka zubar. Abin da ya tsira kuma sai ya bi ta hanji da hanta, inda ake sarrafa shi, kaɗan ne ke isa jini a siffarsa ta asali. Ɓeran da aka yi wa allura a ciki ya tsallake mafi yawan wannan hanya.

Batun antioksidan ya ma fi rauni. Galibin alkaluman da ake yayatawa daga kwalbar gwaji suka fito: a zuba abin da aka tatso cikin wani ruwa mai launin shuni da ake kira DPPH, a ga yadda launin ya koɗe. Shayi zai koɗar da shi, zoɓo ma haka, ɓawon albasa ma haka. A 2012 ma'aikatar noma ta Amurka ta sauke jadawalin da ta wallafa na ƙarfin antioksidan a abinci, saboda babu hujjar cewa alkaluman suna nuna abin da ke faruwa a jikin mutum, ga kuma 'yan kasuwa suna tallar kaya da su. Tun kafin haka an sha darasi mai ɗaci. A ƙasar Finlan an gwada ƙwayar beta-karotin, wani antioksidan da ake samu a karas, a kan maza kusan 29,000 masu shan taba, da fatan za ta kare su daga sankarar huhu. Sakamakon da aka fitar a 1994 ya nuna cutar ta ƙaru da kashi 18 cikin ɗari a wajen waɗanda suka sha. Wani gwajin a Amurka sai da aka tsayar da shi a 1996 kafin lokacinsa, don an ga irin wannan illa. Shi ma bitamin E, wanda antioksidan ne, a wani gwaji na maza fiye da 35,000, an samu ƙaruwar sankarar furostet, ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, da kashi 17 cikin ɗari. Duk waɗannan abubuwa ne da suka yi kyau matuƙa a ɗakin gwaje-gwaje. Ko magungunan da manyan kamfanoni suka kashe wa maƙudan kuɗi, suka ci jarrabawar dabbobi, kusan tara cikin goma ba sa kai labari idan aka zo gwaji a kan mutane.

Akwai kuma wani abu da masu talla ba sa faɗa. Mafi yawan waɗannan sinadarai a ɓawon wake suke, shi ya sa jan wake da baƙi suka fi fari yawansu. To, wannan ɓawo shi matan gida ke surfewa su wanke kafin su kai markaɗe. Wani zai ce ai sai a daina cirewa. Ba nan take ba. Sinadarin tanin da ke cikin ɓawon, wanda ake yabo a matsayin antioksidan, shi ne kuma ke hana hanji tsotsar sinadarin ƙarfe da jiki ke gina jini da shi. A ƙasar da binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin ɗari na mata masu shekara 15 zuwa 49 da kashi 68 na ƙananan yara suna fama da ƙarancin jini, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Abin da zai amfani magidanci mai ciwon suga ba lallai ya dace da mai juna biyu ba, kuma ƙafar ɓera ba za ta raba wannan gardama ba.

Abin mamaki, hujjar da ta fi ƙarfi game da wake tana nan, an gwada ta a kan mutane, amma ba ta da farin jini domin ba a iya ɗura ta a kwalba. A birnin Toronto na Kanada, David Jenkins da abokan aikinsa sun raba masu ciwon suga 121 gida biyu, aka ce wa rukuni ɗaya su riƙa cin kofi guda na dafaffen wake da danginsa kullum har wata uku. Rahoton 2012 ya nuna ma'aunin sugansu na dogon zango ya sauka da ɗigo 0.5, na ɗaya rukunin da aka ba abincin alkama mai dusa kuwa da ɗigo 0.3. A 2014 aka haɗa gwaje-gwaje 26 wuri guda, aka ga cin kimanin giram 130 a rana yana rage mugun kitsen jini da kusan kashi 5 cikin ɗari. Amfani ne matsakaici, ba ya maye gurbin maganin asibiti, amma tabbatacce ne, kuma daga dafaffen abinci ya fito. Mai cin garau-garau da ɗanwake ya riga ya kama hanya, in dai bai nutsar da su cikin mai ba.

Saboda haka ƙorafina ga jami'o'inmu yake. Najeriya ce ta ɗaya a duniya wajen noman wake, Nijar na bi mata. Cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA, da ke Ibadan, mai reshe a Kano, tana ajiye da nau'in wake kusan 15,000, cibiyar binciken noma ta Samaru kuma ta daɗe tana fitar da sababbin iri. Da irin wannan gata bai kamata mu tsaya kan maimaita gwajin ɓera shida ba, yau da wake, gobe da gurjiya, jibi da kalwa, kowace takarda ta ƙare da cewa ana buƙatar ƙarin bincike. Dalilin a fili yake: ƙarin girman malami ya dogara da yawan takardun da ya wallafa, gwajin ɓera yana da araha kuma yana ƙarewa cikin mako, gwajin mutane kuwa yana son kuɗi da izini da haƙuri. Masu raba kuɗin bincike irin su TETFund su ne za su iya juya wannan akala.

Wata tambayar ma ta fi gaggawa. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari na dikulorbos, wato fiya-fiya, da aka samu a jikinsa, ta kuma tsawaita hanin daga baya. Waken da Turawa suka ƙi, irinsa muke awo a kasuwa. Buhun nan mai hawa uku da Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro yana kashe ƙwari ta hanyar hana su iska, ba tare da ɗigon magani ba, kuma tun 2007 ake yaɗa shi a yankinmu. Wanda ya damu da abin da wake ke yi wa jikin mutane, auna gubar da ke cikin buhunan kasuwar Dawanau ya fi masa amfani a kan wani sabon zagaye na koɗar da ruwan shuni.

Gwajin da nake son gani ba mai wuya ba ne. A samu masu ciwon suga ko hawan jini 'yan ɗari a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Shika, a raba su ta hanyar ƙuri'a, wasu su ci jan wake da ɓawonsa, wasu surfaffen fari, dafawa irin ta gida da kanwarta, tsawon wata shida. A auna suga, da alamun kumburi a jini, da yawan jinin kansa, a kuma wallafa sakamakon ko ya yi daɗi ko bai yi ba.