Ƙas Ɗin Sifana da Ƙas Ɗin Noti

An sauya wa tsohuwar Golf 3 ta Alhaji tamostat, wato ɗan bawul ɗin da ke tsare ruwa kada ya tafi lagireto sai inji ya yi zafin kimanin digiri 87. Abin da ya rage shi ne a ɗaure notuna biyu na murfinsa.

Alhaji: Malam Bakanike, na ga kana murza notin nan da yatsu uku kamar mai gyaran agogo, alhali kuɗin da na biya ya isa a sa ƙarfi.

Bakanike: Ranka ya daɗe, kaurin notin milimita 6 ne kawai, murfin na roba ne, ramin da yake shiga kuma alminiyum ne mai taushi. Abin da aka ƙayyade masa shi ne Nm 10.

Alhaji: Yi mini bayani da awon da ake yi a kasuwa.

Bakanike: Idan aka rataya kilo ɗaya na nama a ƙarshen sanda mai tsawon mita ɗaya, ƙarfin murɗawar ke nan. Zoben robar da ke ciki shi ne yake tsare ruwa, aikin noti kuwa ya danne murfin daidai, shi ya sa ake murza wannan kaɗan, a koma wancan kaɗan, don kada murfin ya karkace ya riƙa ɗiga.

Alhaji: Motar da ta yi shekara talatin tana faɗa wa ramuka, ita za a riƙe da kilo ɗaya na nama?

Bakanike: Tsufan nata ma shi ne dalilin lallaɓawa, domin zafi ya gasa robar, tsatsa kuma ta ci notin. Bari in aro sifana mai ma'auni a wurin maƙwabcina, wadda take cewa ƙas idan an kai adadi. Kai yaro, kada ka taɓa komai.

Bakanike yana ba da baya, Alhaji ya dubi yaron gareji, wani ƙato da ake jin ya taɓa yin dambe.

Alhaji: Samari, nauyinka nawa?

Yaro: Kilo 80 ne, Alhaji, idan ban ci tuwo ba.

Alhaji: Madalla. Zura wancan bututun a jikin sifana, ka ba notin haƙƙinsa, ga kuɗin shayi.

Yaro ya tofa yawu a tafi, ya yi bisimilla, ya rataya. Sai aka ji ƙas.

Alhaji: Alhamdu lillahi, ga ƙas ɗin da maigidanka ya tafi arowa mun same shi kyauta. Yi wa ɗayan ma.

Yaro: Wannan bai ce komai ba, Alhaji, amma ya yi ladabi ƙwarai, domin yanzu yana ta juyawa ba gardama.

Bakanike ya dawo, ya tarar da kan noti a ƙasa, kunnen murfi ya tsage.

Bakanike: Inna lillahi! Ɗaya ya karye a cikin rami, ɗaya ya cinye haƙoran alminiyum. Sai an kwance gidan famfon ruwan inji, inda ramukan suke, a huda guntun a fitar, a yanka sababbin haƙora, a sayo sabon murfi.

Alhaji: Nawa ke nan?

Bakanike: Ninki biyar na kuɗin ɗazu, ranka ya daɗe.

Alhaji: To, a lissafin a cire mini kuɗin shayin yaronka, tun da shi ma aikin gareji ya yi.