Fred Astaire: ɗan rakiyar da ya gaji dandamali

Masu yabon Fred Astaire, shahararren ɗan rawa na fina-finan Amurka, kan ce da baiwar rawa aka haife shi. Ni ina ganin wannan yabon yana tauye masa haƙƙi, domin yana ɓoye shekara 27 da ya yi yana zufa a kan dandamali kafin ya tsaya gaban kyamara.

An haife shi a Omaha, jihar Nebraska ta Amurka, ranar 10 ga Mayu 1899, da sunan Frederick Austerlitz. Mahaifinsa baƙo ne daga Ostiriya, yana aiki a kamfanin giya. A 1905 mahaifiyarsu ta kai shi New York tare da yayarsa Adele, kuma don Adele ta koyi rawa aka yi tafiyar. Shi ɗan rakiya ne. Suka yi ta yawon wasa gari-gari har suka kai Broadway, unguwar manyan gidajen wasan kwaikwayo ta New York, a 1917, daga baya Landan. Ita 'yan kallo suke so. Tana da fara'a, abin yana zuwa mata a sauƙaƙe, shi kuwa yana can yana maimaita taku ɗaya har dare, yana fargabar kuskure.

Da Adele ta auri Lord Charles Cavendish a 1932 ta bar sana'ar, mutane da dama sun ɗauka shi ma tasa ta ƙare. Ga shi ya haura talatin, ga sanƙo ya fara leƙowa. A 1933 ya shiga Hollywood, aka haɗa shi da 'yar rawa Ginger Rogers, suka yi fim goma tare.

A nan ne wahalar baya ta biya shi. Ya dage sai kyamara ta nuna mai rawa daga kai har ƙafa, ba tare da yawan yanka hoto ba, a zamanin da Busby Berkeley, mai tsara rawa a fina-finai, ke ɗaukar 'yan rawa daga sama yana zana siffofi da jikinsu. Wani zai ce yanka hoto ma fasaha ce, fim ba dandamali ba ne. Na yarda. Amma yankan yana rufa asirin wanda bai iya ba, mai kallo kuma ba ya sanin wa ya yi rawar, ɗan wasa ko mai tace hoto. Astaire ya taso inda babu “a sake ɗauka”, shi ya sa bai ji tsoron a bar kyamara ta yi ta kallonsa minti biyu ko uku ba.