Don Allah ku daina goge tsoffin kuɗin Rumawa

Jiya wani abokina ya turo min hoton dinarin azurfa na zamanin Sarki Trajan, yana ta murna wai ya wanke shi da toka da lemun tsami har yana ƙyalli kamar sabon cokali. Wallahi raina ya ɓaci. Kuɗin da ya haura shekara 1,900 a duniya bai lalace ba, sai a hannunsa cikin minti goma.

Jama'a, baƙin nan da kuke gani a jikin tsohuwar azurfa ba dauɗa ba ce, shi ne shaidar shekarunta, kuma masu sayen irin waɗannan kuɗi sun fi son su da shi. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne toka tana cinye harufa, alhali harufan ne ke ba da labarin kuɗin. Nawa na Trajan yana ɗauke da COS V, wato sarkin ya riƙe muƙamin konsul, babban muƙamin mulki a Rum, karo na biyar, wannan kaɗai ya nuna an buga shi tsakanin shekarar 103 da 111 miladiyya. Ka goge harafi ɗaya, ka goge tarihinsa.

Ni in kuɗi ya shigo hannuna, sikeli nake fara ɗaukowa. Tun da Sarki Nero ya rage nauyin dinari a shekarar 64, bai cika wuce giram 3.4 ba. Daga nan sai gilashin ƙara girma, in bi gefensa a hankali. Idan na hango kore ko ja yana leƙowa ta wata 'yar tsaga, to tagulla ce aka lulluɓe da azurfa. Masu jabu tun zamanin Rumawan suke, kuma irin wannan ma ajiye shi nake yi, don shi ma tsoho ne.

Sai kan sarkin da ke jikin kuɗin azurfar. Idan rawaninsa na ganye ne, galibi dinari ne. Idan kambi ne mai tsinaye kamar hasken rana, wannan shi ne kuɗin da Sarki Caracalla ya fito da shi a 215, ana ɗaukarsa a matsayin dinari biyu alhali nauyinsa bai wuce ɗaya da rabi ba. Ita kanta kalmar dinari da muka karɓa daga Larabawa, daga denarius ɗin Rumawa ta samo asali.

Idan ƙasa ce ta manne, ku jiƙa shi a ruwa mai tsabta, ku share a hankali da burushi mai laushi. Na abokina kuwa, na duba hoton sau uku, lambar da ke bayan COS ta riga ta tafi.