Kafin ku ɗaure akwati zuwa Ingila, wa zai riƙe muku yaro?

Assalamu alaikum ƙannena, maza da mata. Duk wanda ya kira ni daga gida yana shirin tahowa Ingila, tambayoyinsa ba sa wuce uku: nawa ne haya, ina ake samun naman halal, sanyin nan da ake faɗa da gaske ne? Har yau ban samu wanda ya fara da tambayar da ta fi damuna ba. In maigida ya fita aiki, uwargida ma ta fita aiki ko makaranta, yaron a hannun wa zai wuni?

Ban ga laifinku ba. Mun taso a gidajen da wannan ba abin tambaya ba ne. Uwa za ta je unguwa, ta sauke goyo a cinyar kakarsa, ko ta leƙa ta katanga ta ce wa maƙwabciya, "Maman Abba, ki sa mini ido a kansa." Ga gwaggo, ga ƙanwar miji, ga 'yan matan gida masu rububin ɗaukar jariri. Ba mu taɓa yi wa wannan hidima kuɗi ba, shi ya sa ba mu san tsadarta ba sai ranar da jirgi ya sauke mu a Landan ko Manchesta, muka waiga ba mu ga kowa ba.

A nan reno sana'a ce mai rajista, kuɗinta kuma ba na wasa ba ne. Yaron da bai kai shekara biyu ba, in za a riƙe shi a nazare daga safe zuwa yamma, Litinin zuwa Juma'a, kuɗin yakan haura fam 1,000 a wata, a Landan kuwa abin sai addu'a. Ba zalunci ne kawai ya kawo haka ba. Doka ta hana ma'aikaciya ɗaya riƙe jarirai 'yan ƙasa da shekara biyu fiye da uku. 'Yan shekara biyu, mutum biyar ne iyakarta, kafin Satumbar 2023 ma huɗu ne. Daga shekara uku zuwa sama, takwas, ko 13 in akwai ƙwararren malami a ajin. Albashin mutane kuke biya.

Na san abin da za ku ce: ai an ce gwamnati na biya. Tana biya, amma ku saurara da kyau, don a nan ne lissafin mutane da yawa ya rushe. Kowane yaro ɗan shekara uku ko huɗu a Ingila yana da awa 15 kyauta a mako, na tsawon mako 38, wato awa 570 a shekara, ko wace irin biza iyayensa ke riƙe da ita. Sai dai ba ranar da ya cika ukun yake farawa ba, sai zangon da ya biyo baya, ranar 1 ga Satumba, 1 ga Janairu ko 1 ga Afrilu. Yaron da ya cika uku ranar 5 ga Afrilu, sai Satumba. Awa 30 ɗin da kuke ji a bakin mutane ta iyaye ma'aikata ce, haka ma asusun nan da kake zuba fam 8 gwamnati ta ɗora fam 2 har zuwa fam 2,000 a shekara kan kowane yaro. Mafi yawanku kuwa bizar aiki ko ta karatu za ku shigo da ita, mai ɗauke da sharaɗin cewa ba ku da hannu a kuɗin tallafin gwamnati, kuma mai wannan sharaɗi ba a ba shi waɗannan biyun. Kar wani a zauren WhatsApp ya ce ku cike fom ku ɓoye gaskiya, ranar sabunta biza ba ya nan. Abin da ya kamata ku tambaya a ofishin ƙaramar hukumar da kuka sauka shi ne awa 15 na 'yan shekara biyu, don tun 2022 aka buɗe ta ga masu irin wannan biza in abin da ke shigo musu bai wuce wani ƙayyadadden adadi ba. Wanda Sukotland ta nufa, tsarinsu daban ne, awa 1,140 suke bayarwa a shekara.

To, awa 15 a mako awa uku ce a rana. Nas ɗin da ke dutin awa 12, me awa uku za ta yi mata? Nazare ba ta buɗewa da dare, yawancinsu ƙarfe shida sun kulle, in kuka makara ɗaukar yaro tara ce ake lissafawa da minti. Abinci da famfas ma sau da yawa kuɗinsu daban.

Daga nan ne shaiɗan yake shigowa da shawara mai araha. Za a ce muku akwai wata anti 'yar Najeriya a layin baya, tana riƙe yara da kuɗi kaɗan, har kwana tana karɓa. Na taɓa raka wata ƙanwa ɗauko ɗanta a irin wannan gida. Labule a sauke, hita a kunne, yara tara a falo ɗaya gaban talabijin, ƙaraminsu a kwance cikin kujerar mota da fida a baki, matar kuma tana kicin tana waya. Ba muguwa ba ce, ita ma neman halal take. Amma in gobara ta tashi hannu biyu gare ta. In yaro ya shaƙe da abinci, ba ta san abin yi ba. A dokar Ingila, duk wadda za ta karɓi kuɗi ta riƙe yaro ɗan ƙasa da shekara takwas a gidanta fiye da awa biyu a rana, in ba 'yar uwa ta kusa ba ce kamar kaka ko gwaggo, dole ta yi rajista. Mai rajista an binciki tarihinta da na manyan da ke zaune a gidan, ta koyi taimakon gaggawa na yara, tana da inshora, kuma yara shida ne iyakarta, ƙanana 'yan ƙasa da biyar kada su wuce uku. Irin waɗannan matan suna nan, da Musulmi a cikinsu, kuɗinsu sau da yawa bai kai na nazare ba, wasu kan karɓi yaro da sassafe. Ku nemi lambar rajistarta, ku duba a shafin Ofsted, hukumar da ke sa ido kan makarantu da wuraren renon yara. In ta fara kame-kame, ku yi mata sallama cikin mutunci.

Haka batun riƙo. A gida ba komai ba ne ka ba aminiya ɗanka ya zauna wurinta. A nan in yaro ɗan ƙasa da shekara 16 zai zauna kwana 28 ko fiye wurin wanda ba ɗan uwa na kusa ba, wajibi ne a sanar da ƙaramar hukuma. Kar ku ɗauka tsanar baƙar fata ce. Wata yarinya 'yar Kwaddibuwa, Victoria Climbié, iyayenta sun ba wata 'yar uwarsu ita don ta samu ilimi a Turai, aka azabtar da ita har ta mutu a Landan a watan Fabrairun 2000 tana da shekara takwas. Binciken da ya biyo baya ya haifar da dokar yara ta 2004, tun daga nan duk mai aiki da yara a ƙasar nan idonsa a buɗe yake. Barin yaro shi kaɗai a gida kuwa, ko da barci yake kuma shago kawai za ku leƙa, kar ma ku fara.

Sai yadda ake zaɓe. Mun zo da idon gida, mu a wurinmu makaranta mai kyau ita ce mai dogon get, yunifom mai sheƙi, ɗan shekara uku ya dawo da jaka cike da aikin gida yana rera ABCD. Wani ƙanena ya kira ni rai a ɓace, wai kuɗinsa ake ci, 'yarsa kullum sai ta dawo da fenti a riga da yashi a takalmi, ba ta iya rubuta ko ɗaya zuwa goma ba. Na ce masa ai abin da ka biya ke nan. Manhajar ƙananan yara a Ingila, daga haihuwa zuwa shekara biyar, a kan wasa aka gina ta, kuma fita waje kullum yana cikin ƙa'ida, ko ana yayyafi. Karatu gadan-gadan sai ajin farko na firamare da suke kira Risefshin. Saboda haka kar allon ƙofa ya ruɗe ku. Ku je da ƙafarku, gani ya kori ji. Ku tsaya ku kalli ma'aikatan, ba kayan wasan ba. Yaron da ke kuka a lungu, minti nawa ya yi kafin wata ta ɗauke shi? Suna durƙusawa su yi magana da yara ido da ido, ko daga tsaye ake ba da umarni? Ku tambayi shekara nawa kowacce ta yi a wurin, don inda ma'aikata ke sauyawa kamar riga, yaro ba ya samun wanda zai saba da shi. Doka ta ce kowane yaro a ba shi ma'aikaciya guda da ke da alhakinsa. Wannan matar ita ce za ta tsaya a gurbin kakarsa, ita za ta share masa majina ta lallashe shi ya yi barci. In zuciyarku ba ta kwanta da ita ba, rahoton Ofsted komai kyansa ba zai kwantar da ita ba, ko da yake shi ma ku karanta, ku duba shekarar da aka rubuta shi.

Ku auna nisa kuma. Wurin da sai an hau bas biyu yana da daɗi a watan Yuli. A Disamba, da ƙarfe huɗu duhu ya yi, ga keken yaro ga ruwan sama, za ku gane.

Abinci, ku rubuta musu a takarda, kar ku tsaya ga faɗa da baki. In ba su da naman halal, ku zaɓi abincin marasa cin nama. Ku ambaci jelatin da sunansa, don yana ɓuya a alawa da kayan zaƙi kuma sau da yawa daga alade ake yinsa. Ku gaya musu da ruwa muke tsarki, ku faɗi matsayinku kan wasannin Kirsimeti tun kafin lokacin ya zo. Ban taɓa ganin an ƙi saurarar uwar da ta yi bayani da fara'a ba. A garuruwa irin su Bradford da Birmingham akwai wuraren da Musulmi ke gudanarwa, amma sunan Larabci a allo ba ya ɗauke muku nauyin dubawa.

Akwai abin da ba kowa ke faɗa ba. Jariranmu da yawa ana haifarsu da wani tabo mai duhu-duhu kamar shuɗi a gadon baya ko ɗuwawu, wanda bai san shi ba sai ya ɗauka shatin duka ne. Ku sa likita ko jami'ar lafiya mai ziyarar gida ta rubuta shi a jan littafin lafiyar yaro, ku nuna wa nazare tun ranar farko. Haka tsagar gado ko tabon shasshawa. Duka kuwa, Sukotland ta haramta shi gaba ɗaya a 2020, Wales a 2022, a Ingila ma da zarar ya bar alama magana ta zama babba, kuma ma'aikaciyar da ta gani dole ta kai rahoto. Yaro kuma ba ya riƙe sirri. Ku bar bulala a filin jirgin Kano.

Maza, da ku nake yanzu. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce kowannenmu makiyayi ne kuma za a tambaye shi abin kiwonsa. Kai yaro da ɗauko shi ba aikin mace kaɗai ba ne a ƙasar da ba ta da uwa ba ta da ƙanwa. Ku zauna da biro da takarda. In albashinta duk a reno zai ƙare, ba abin kunya ba ne ɗaya ya rage aiki har yaro ya kai uku, amma a yi shi da shawara, kar a kulle 'yar mutane a ɗaki ita da jariri wata shida ba ta ga fuskar kowa ba. Ku kuma riƙe wannan rana: yaro yana shiga Risefshin a Satumbar da ta biyo bayan cikarsa huɗu, ana rufe neman gurbi ranar 15 ga Janairu, sakamako ya fito tsakiyar Afrilu. Zamansa a nazaren da ke cikin makarantar bai ba shi gurbi ba, sai kun nema.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne iyayen da ke daina yi wa yaro Hausa a gida wai don kada ya rikice. Turanci zai same shi ko kun so ko kun ƙi. Zai iya yin makonni a nazare bai ce uffan ba, yana saurare ne, wata rana sai ku ji yana gyara muku lafazi. Hausar ce ke gudu, har a wayi gari Hajiya ta kira a bidiyo tana "ina mijin nawa?" shi kuma ya ƙura mata ido ya juya yana tambayarku me ta ce. Manhajar ƙananan yara ta Ingila da kanta ta amince nazare ta ba yaro damar amfani da harshen gidansu. Lokacin da na kai ƙaramar 'yata, na rubuta wa mai kula da ita kalmomi bakwai da yadda ake furta su: ruwa, yunwa, fitsari, kashi, barci, zafi, Mama. Ta manna takardar a jikin kabad. Bayan mako biyu na je ɗauka, na tarar da Baturiyar nan a durƙushe gabanta, riƙe da kofi, tana tambaya, "Ruwa?"