Tarihin Gidan Kofur

Bayan la'asar, gindin dalbejiyar ƙofar gida. Kofur na zaune a kan buzu yana sassaƙa ƙotar fartanya. Jikansa Ɗan Boko ya zo hutu daga jami'a, riƙe da littafi da biro. Iya na cikin zaure tana ɓarar gyaɗa, amma kunnenta na waje.

ƊAN BOKO: Tsoho, aiki aka ba mu a makaranta, kowa ya rubuto tarihin gidansu. Daga ina kakanninmu suka taso?

KOFUR: Rubuta, daga Gabas.

IYA: Gabas da kasuwa dai. Kangon na nan bayan tsamiya, ambaliya ce ta taso su.

KOFUR: Gabas ba gabas ba ce? Ke, wa ya sa da ke? Rubuta, yaro. Mahaifina soja ne. Zamanin yaƙin Hitila aka aiko wa dagaci ya kawo samari, aka zuba su a jirgin ruwa sai Indiya, daga can sai dajin Bama. Ido da ido suka yi da Hitila.

ƊAN BOKO: Hitila fa yana Jamus. Japanawa ne a Bama. Ga shi waya ta ce runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ta shiga kwarin kogin Kaladan a 1944.

KOFUR: Wayar ta je Bama ne? Japanawan ai yaransa ne.

ƊAN BOKO: To Japanawa nawa ya kashe?

KOFUR: Wa ke ƙirga a wannan daji? Ba hanyar mota, ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, abinci ma jirgin sama ke jefo musu da lema.

IYA: Shi kuma ya ɗora a ka. Baba, Allah ya jiƙansa, da bakinsa ya gaya min ɗan dako ne. Har ya koma ga Allah gashi bai sake fitowa a tsakiyar kansa ba.

KOFUR: Dakon harsashi! In bai ɗauko ba, da me za su harba, da goro? Ya dawo a 1946 da akwatin ƙarfe da 'yan fam-faman sallama, ya sayi fadamar can ta bakin rafi. Shi ya sa mata suna Bama.

ƊAN BOKO: Don tunawa da jarumtaka?

IYA: Don sauro, maigida.

KOFUR: Juya shafi, ka zo kaina. Da aka fara yaƙin basasa a 1967 ina cikin huɗa na ajiye garma, sai Dafo a Zariya. Runduna ta ɗaya, ƙarƙashin Muhammadu Shuwa. Da mu aka shiga Insuka, da mu aka shiga Inugu. Ka san bokitin Ojukwu?

ƊAN BOKO: Bokiti kuma?

KOFUR: Nakiya ce tasu ta gida, su cusa mata ƙusoshi da guntayen ƙarfe. In ta tashi, wanda ya san Allah ya kira shi. Akwai ɗan garinmu da muka tafi tare, bai dawo ba. (Ya yi shiru, ya duƙa kan ƙotar.) Allah ya jiƙan maza.

IYA: Amin. Wannan kam gaskiya ne.

ƊAN BOKO: Kai wace irin bindiga ka riƙe?

KOFUR: Babba.

IYA: Ludayi. Kuku ne, maigida. Abokansa da suka zo bikinmu sun ce wakensa ya kwantar da sojoji fiye da Ojukwu.

KOFUR: Hassada ce! Soja da yunwa ya taɓa cin gari? Wannan tabon na ƙaurina fa, wake ne ya yi shi?

IYA: Jaki ne, shekarar farin 1973. Ni na gasa maka.

KOFUR: Jakin ma da kuɗin soja na saye shi. Raunin yaƙi ne.

ƊAN BOKO: To fansho fa, ana biya?

KOFUR: Kayya. Kullum tantancewa, wai a tabbatar ina raye. Na je birni na kwana biyu a layi, aka ce in dangwala yatsa a na'ura. Na dangwala, ta ƙi. Na tofa yawu na goge, ta ƙi. Yaron ya ce zanen yatsana ya shafe. Na ce ɗana, shekara hamsin ina riƙe da fartanya, zanen na can jikin ƙota, in kawo maka ita ta dangwala?

ƊAN BOKO: Bari in karanto abin da na rubuta. Kakan babana ɗan dako ne a Bama, kakana kuma kuku ne a...

KOFUR: Goge! Rubuta babban jami'i mai kula da cikin bataliya.

IYA: Ranka ya daɗe jami'i, ga shanun Jauro can sun shiga Bama, sun fara da masararka.

KOFUR: (Ya miƙe zumbur.) Abokan gaba! Yaro, ɗauko min hular kwanona!

IYA: A bar ta. Kaza na kwanci a ciki.