Nonon uwa mai yunwa bai lalace ba

A Marwa da Kuseri da ke arewacin Kamaru, idan damina ta yi tsakiya, wajen Yuli da Agusta, rumbu ya yi ƙasa, sai ka ji ana cewa mai shayarwar da ba ta ƙoshi nononta ya tsinke, a ba jariri ruwa da kunu. Wannan kuskure ne, kuma yana cin rayukan yara.

Jikin uwa yakan ɗebo daga abin da ta tara ya haɗa nono, ko da ita tana ramewa. Abin da ke ƙara shi yawan tsotso ne. Jaririn da aka cika wa ciki da kunu ba ya tsotso, sai nonon ya janye da gaske, a ce ai dama an faɗa. Ruwan kuwa, musamman bayan ambaliyar kogin Logone, gudawa yake kawowa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla har wata 6, ko a zafin Afrilu, domin fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne. Ɗan wake, gyaɗa, zogale ko busasshen kifin da ya samu a gida, uwar za a fara zuba wa, kada a bar ta da ƙanzon tukunya.