Daren da Na Raba Grammy a Teburin Mai Shayi

Ba na shiga musun ƙwallo, kowa ya sani, amma in aka zo maganar kiɗa sai a matsa a ba ni wuri. Ni nake sa kiɗa a rabin bukukuwan unguwar nan, ni nake gaya wa yara abin da ya fito sabo tun kafin ya iso wajen masu tura waƙa. Da aka fitar da sunayen 'yan takarar Grammy, babbar kyautar kiɗa ta Amurka, a Nuwamban 2023, aka ga an buɗe sabon rukuni na waƙar Afirka zalla, sai teburin mai shayin bakin tasha ya koma ofishina. Waƙa biyar ce, huɗu namu: Davido, Burna Boy, Ayra Starr, sai Asake da Olamide a waƙa ɗaya. Ta biyar ta wata yarinya ce 'yar Johannesburg, Tyla, wadda ko kundi ɗaya ba ta fitar ba a lokacin. Na ce Davido ne zai ɗauka, in kuwa ba shi ba, duk wanda ke kan benci a daren sanarwa shayinsa a kaina. Ustaz ya ce wannan caca ce. Na ce caca sai kowa ya zuba, ni kaɗai na ɗauki nauyi, kyauta ce mai sharaɗi. Ya yi shiru.

Kuma ba da ka na yi magana ba. Davido ya fito a rukuni uku a shekarar, kundinsa ya fita ƙarshen Maris 2023, tsakiyar wa'adin da ake lissafawa ke nan, daga 1 ga Oktoban 2022 zuwa 15 ga Satumban 2023. Ni na zaunar da su na koya musu cewa ba masoya ke zaɓe ba, kuma ba a ƙirga yawan masu saurare. Mambobin Recording Academy ne ke jefa ƙuri'a, mawaƙa da masu haɗa kiɗa da injiniyoyin sauti, yawancinsu a Amurka, kuma an rufe zaɓen tun farkon Janairu, don haka duk hayaniyar da ake yi a Twitter ƙarshen wata ɓata data ne. Ni na gaya musu cewa 'yan ƙasa ɗaya huɗu a rukuni guda raba ƙuri'a suke yi. Ni na ce waƙar yarinyar ta kai ta bakwai a jadawalin Billboard na waƙoƙi ɗari da suka fi tashe a Amurka, wato masu zaɓen sun ji ta a motocinsu ba tare da an roƙe su ba. Har na ƙara da cewa waƙar Davido kanta amapiano ce, kiɗan Afirka ta Kudu, da ɗan ƙasar Musa Keys a ciki, ta su Asake ma sunanta ke nan. Duk na jera musu wannan, sannan na buga tebur na ce Davido. Wanda bai taɓa ganin yadda amare ke rikicewa in an saki waƙar nan ba, kada ya ce min komai.

Sai na shiga haɗa kiɗan murna. Amapiano tana tafiya tsakanin bugu 110 zuwa 115 a minti, na tsayar da nawa a 113. Niyyata in hau da shi a hankali zuwa 124 in shiga Afro house, irin na Black Coffee da ya ci Grammy a 2022. Wannan hawan ba a yin sa da garaje. In ka ja waƙa fiye da kashi shida cikin ɗari ba ka kulle muryarta ba, mawaƙin zai koma ƙaramin yaro. Bugu ɗaya ko biyu ake ƙarawa duk bayan gaɓa 32, kowace gaɓa bugu huɗu. Kuma a wurin sauya waƙa sai ka rage kaurin ɗaya kafin ka buɗe na ɗayar, domin gangar nan mai nauyi da suke kira log dram ba ta zama da kishiya. In biyu suka haɗu, fitilar amfilifaya ta koma ja, lasifika ta fara tari, daga nan sai warin ƙonewa.

Abin da ya rage shi ne tambarin murya. Na shiga cikin bargo da waya, don bargo yana shanye amsa-kuwwar ɗaki, na ɗauki muryata ina cewa: "Ya ɗauko! Grammy ya zo gida!" Na yanke duk kaurin da ke ƙasa da 100 Hz don kada ta yi karo da ganga, na sa mata maimaici. Lissafinsa mai sauƙi ne, ka raba 60,000 da saurin kiɗan, a 113 zai ba ka 531, wato ɗan fiye da rabin daƙiƙa tsakanin kowace amsawa. Na bar minti huɗun farko babu murya, daga nan na dasa ta duk bayan gaɓa 32, kusan kowane minti ɗaya da daƙiƙa takwas, har ƙarshen minti arba'in. Na matse komai ya zama fayil ɗaya, wanda ke nufin murya da kiɗa sun zama miya, ba mai tsame gishiri. Na zuba a filas, na kuma bai wa Mai Caji kwafi na ce ya riƙe, da an sanar ya fara tura wa mutane.

Ranar Lahadi 4 ga Fabrairun 2024 aka yi taron a Los Anjeles. Tsakaninmu da su awa tara, babban taron ƙarfe biyar na yamma a can, biyun dare ke nan a nan. Ba wuta tun rana, wayata ta mutu, na kai wa Mai Caji bayan isha'i na je na kwanta don in tashi garau. Abin da ya kamata wani ya tuna min, kuma duk wanda ke kan bencin nan yana da baki, shi ne kyautukan 94 ne a shekarar, kaɗan ne ake miƙawa a babban taron da ake nunawa a talabijin. Sauran a taron share fage ake raba su, wanda ya fara sha biyu da rabi na rana a can, tara da rabi na dare a nan, kuma kyauta ake kallonsa a YouTube. Rukunin Afirka yana ciki.

Ƙarfe ɗaya da rabi na iso, sanye da rigar sanyi, ina jan lasifikata mai taya inci goma sha biyu. Benci ya cika maƙil. Har da mutanen da ban taɓa gani suna shan shayi ba, har da Baba maigadin tasha da tocilansa. Na ji daɗi, na ce lallai mutane sun fara gane darajar ilimi. Mai shayi ya taso da kansa ya share min wuri.

"Oga Dije, sannu da zuwa. Har yanzu dai Davido?"

Na ce har gobe.

"To ai shayi kawai bai dace da girman maganarka ba."

Na ce a sa burodi. Wani direba ya ce burodi ba ƙwai ai rowa ce. Na ce a sa ƙwai. Mai Caji yana gefe, wayata a aljihun gabansa, ina ganin kanta ya leƙo, ya ce shi dai yana jin tsoron yarinyar nan. Na juya na dube shi na ce, "Mutumina, kai caji ka sani." Aka kwashe da dariya, na ɗauka da ni ake yi. Na ce a sa Indomie, ƙwai bibbiyu. Mai shayi bai ko jira na rufe baki ba ya fara fasawa, ya kuma ɗauko littafin bashi ya ajiye kusa da gwangwanin madara, a buɗe, biro a tsakiya. Ko wannan bai sa na farga ba, na zaci tsari ne.

Na cusa filas na kunna haɗin a hankali, niyyata in tsayar kafin minti huɗu. Na miƙe tsaye na fara bayanin yadda za a kira sunan, da yadda zai hau mumbari, da wanda zai fara gode wa. Ina tsaka da nuna yadda ake riƙe kofin da kwalbar yaji, sai Mai Caji ya zaro wayata, ya hura mata iska, ya goge ta a rigarsa, ya miƙo min da hannu biyu.

"Ga ta, Oga, ta cika. Saƙonni sai shigowa suke tun ɗazu."

Ban ma buɗe ba. Sunan Tyla ne jere a fuskar wayar daga sama har ƙasa. Davido bai samu ko ɗaya cikin ukun ba. Na ɗago kai, babu mai tauna, kowa ya tsaya da cokali a hannu yana kallona. Ana jin ƙarar mai a kasko. Na buɗe baki in ce wani abu, ban san me ba, daidai nan minti huɗu ya cika. Kiɗa ya ɗauke cak yadda na tsara, ganga ta faɗo, muryata ta fito daga lasifika:

"Ya ɗauko! ɗauko... ɗauko... ɗauko..."

Aikin ya yi kyau, wannan kam ko maƙiyi zai faɗa. Kowace amsawa ta zauna daram a kan bugu. Baba maigadi ya haska lasifikar da tocila, ya haska fuskata, ya mayar kan lasifikar. Wani direba shayi ya fito masa ta hanci.

Na yi tsalle in kashe. Masu irin lasifikar nan sun san halinta, maɓalli ɗaya ne ke aiki biyu: ka danne shi ya daɗe ya ƙara ko ya rage ƙara, ka taɓa shi sau ɗaya ya tsallaka waƙa ta gaba. Hannuna yana rawa, na taɓa. Abin da ke biye a filas ɗin shi ne ainihin ɗaukar da na yi a cikin bargo, ɗanya, ba gyara. Tasha guda ta ji ina gyaran murya, ta ji na ce "ya ɗauko" da siririyar murya na ce a'a, na sake da kauri, na yi tari, na sake. Sannan aka ji ƙarar ƙofa, aka ji muryar uwargida ƙarara:

"Maigida, lafiya kake ihu a cikin bargo?"

Na fizge filas ɗin, amma ta riga ta gama tambayar.

Mai shayi ban riƙe shi a zuciya ba, kasuwa ya gani. Mai Caji ne. Mutumin nan awa huɗu wayata tana gabansa tana haske, gidana bai kai tafiyar minti uku daga shagonsa ba. Ni na koya masa bambancin fayil mai nauyin 128 da mai 320, lokacin yana tura wa mutane waƙoƙi masu sautin rediyon da ya jiƙe. Ni na gaya masa ya daina sauke waƙa daga bidiyo yana sayarwa a matsayin asali. Ya karɓi kuɗin cajinsa cif a daren, bai rage ko sisi ba, ya ci Indomie da ƙwai biyu, ya nemi a ƙara masa albasa. Kuma kwafin da na ce ya riƙe sai an sanar, cewa ya yi ai an sanar. Kafin azahar ɗin Litinin haɗina yana cikin Keke Napep uku da na ji da kunnena. Yanzu ma ya sa masa suna a kwamfutarsa, in ka ce a tura maka "Cikin Bargo" ya san abin da kake nufi.

Abin da ba wanda yake so ya ji shi ne, a rukunin kiɗan rawa na lantarki duk na faɗa daidai. Na ce Fred again.. ɗan Ingila zai ɗauki kundi, ya ɗauka. Na ce "Rumble" da ya yi da Skrillex da Flowdan za ta ci, ta ci. Tun Janairun 2023 nake roƙon yaran nan su saurare ta da abin kunne mai kyau, domin bugu 140 ce amma an raba gangar biyu har ka ji kamar 70, kuma nauyinta duk yana can ƙasa inda lasifikar waya ba ta kaiwa, a waya sai ka ji wani yana magana cikin duhu kawai. Na kawo wannan a daren, a matsayin biyu cikin uku. Mai shayi ya ce, "Shi Firedin ɗan wace jiha ne?" ya ci gaba da rubutu.

Ustaz kuwa, wanda ya ce caca ce, wanda kullum sai ya ce in rage ƙara in ya zo wucewa, ban san lokacin da ya iso ba. Na dai gan shi a ƙarshen benci ya juya wa lasifika baya, faranti a cinya. Da na dube shi sai ya ce ya yi nazari, maganata ce daidai, kyauta ce.

Ranar Laraba Najeriya ta fitar da Afirka ta Kudu a wasan kusa da na ƙarshe na gasar ƙwallon kofin Afirka a Bouake, ɗaya da ɗaya, huɗu da biyu a bugun fenareti, Nwabali ya tare biyu. Daren nan duk unguwa "ya ɗauko" ake sakawa, har wani ya ɗaga ni sama, na fara tunanin abin zai juye ya zama alheri. Ranar Lahadi Kwaddibuwa ta doke mu biyu da ɗaya a Abidjan. Aka dawo aka ce bakina ne, wai duk abin da na ce ya ɗauko ba ya ɗaukowa. Da Tems, 'yar Najeriya, ta ci rukunin Afirkan a 2025 ba wanda ya tambaye ni tun farko, wai don kada in ɓata mata.

Littafin mai shayi har yanzu akwai saura. Ya rubuta ƙwai talatin da huɗu, ni kuma mutum goma sha shida na ƙirga. Ya ce Baba maigadi ya tafi da biyu dafaffe. Baba ya ce shi ɗaya ya sani.